Jikata ta ƙi ce mini Kaka

Daren Laraba, Ƙofar Guga

Yau Sani ya iso daga Turkiyya da 'yarsa Amira, jikata da a hoto kawai na santa. Na buɗe hannu na ce, "Taho wurin Kaka." Sai yarinya ta toshe hanci, ta ɓoye bayan ubanta tana dariya.

Da ƙyar Sani ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, a Turkanci kashin yara ake ce wa kaka." Wai don ya lallashe ni, ya ƙara da cewa a Tanzaniya wa ake nufi, a Indiya kuma ƙanen uba. Ina ruwana da Indiya? Na daɗe ina jiran sunan nan daga bakinta.

Da za ta kwanta ta ce, "Sai da safe, Hajiya," kamar wata maƙwabciya. Haka nan na amsa.