Na Ɓata Sunan Matar da Ta Wanke Mahaifiyata

Assalamu alaikum ƴan'uwa na wannan gurup. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, Gure ƙaramin gari ne, in ka yi atishawa a tasha sai wani ya yi maka sannu a kasuwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, don duk wanda zan faɗa wa yana cikin maganar.

Ni mace ce, ina da aure da yara uku. Iyayenmu ƴan Damagaram ne, kasuwanci ya kawo Baba Gure tun ba a haife ni ba, bayan rasuwarsa yayanmu ya riƙe butik ɗin, wato shagonsa, da gidan. Halina guda da kowa ya sani, ina da zafin baki, in raina ya ɓaci magana takan riga tunani fita. Ba yabon kai nake ba, ina faɗa ne don ku gane abin da ya biyo baya.

Waɗanda suke nan lokacin korona sun san yadda muka ɗauki takunkumi, wanda muke ce wa babet. Ma'aikata ne ke sawa, su ma a haɓa yake kwana. In mota ta kusa bariye, shingen jandarma, sai maza su ja rawani su rufe hanci, ana wuce jandarma su sauke suna dariya. Ana cewa cutar masu hawa jirgi ce, ranar Gure kaɗai ta isa ta soya ta. Amma duk da dariyar akwai tsoro guda a zuciyar kowa, an ce in aka tabbatar korona ta kashe mutum, lokotoro za su zo da ambilans su ɗauke gawar, ba wanka ba ganin dangi, a kulle gidan da mutanensa. Ban taɓa ganin an yi wa kowa haka ba, amma duk mun yarda. Saboda haka in aka ga takunkumi a ofis ba komai, in aka gan shi a gidan mutum to an ga abin faɗa.

A cikin wannan yanayi mahaifiyata ta rasu, da hantsi, a ɗakinta. Ta shekara da shekaru tana fama da hawan jini da ciwon suga, kowa a unguwa ya sani. Ni lokacin ina goyon ɗiyata ta ƙarshe, ban daɗe da gama arba'in ba. Aka aika a kira mai wanka. Zan kira ta Ya Fanna, ba sunanta ba ne. Dattijuwa ce ƴar ƙabilar Manga, ta fi shekara talatin tana wanke matan unguwarmu, ba ta karɓar ko dala, in an matsa mata ta ɗauki ragowar sabulu. Aminiyar mahaifiyata ce ta ƙut da ƙut, sun sha yin raha a gabanmu a kan wadda za ta riga wata, Hajiya tana cewa ke dai in na riga ki kada ki bari kowa ya taɓa ni sai ke.

Sai ga Ya Fanna ta ratso maza a ƙofar gida da takunkumi shuɗi irin na likita, ta rufe baki da hanci ruf. Wallahi kafin ta kai ƙofar ɗaki na ga mata sun fara haɗa ido. Ni ce mai zuba mata ruwa, da muka shiga na tura ƙyaure na ce Iya ki cire abin nan, mutane na kallo. Ta ce ɗiyata bari mu gama da Hajiya tukuna. Na sake faɗa, ta miƙo mini hannu in ba ta ruwan magarya. Ta yi aikinta yadda ta saba, a natse, ta tsefe mata kai ta kama mata gida uku, tana yi hawaye na jiƙa takunkumin. Na ga hawayen da idona, amma zuciyata ta riga ta hau, ban karanta komai a ciki ba.

Da muka fito rabin matan da muka bari sun sulale. Maza ma haka, yayana ya ce sahun sallar bai kai abin da ake samu a jana'izar baƙo ba, alhali Hajiya ce matar da in ana biki a unguwa tukunyarta ake fara arowa. Zaman makoki muka yi shi kusan mu kaɗai da tabarmi. Ranar sadakar uku muka raba masa da gumba, kwanuka suka riƙa dawowa yadda suka tafi, ko murfi ba a ɗaga ba, wata ma ta ce wa ɗan aiken ya ajiye a waje kada ya shigo. Wannan ciwon har yau ban warke daga shi ba, don haka kada ku ɗauka haka kawai na haukace.

Tun ranar rasuwar na tare Ya Fanna a tsakar gida gaban sauran matan, na faɗa mata maganganu da ba zan iya rubutawa duka ba. Na ce wadda ke ƙyamar gawa ta bar wankan gawa, na ce ta ci amanar aminiyarta, ta tona mana asirin da ba mu da shi. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Yayana kuma ya rantse ba za ta sake taka gidanmu ba, a raye ko a makara.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ranar da kwanukan suka dawo wata maƙwabciya ta shigo, ta tarar ina kuka, ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai ina tsohuwa ta samu irin wannan takunkumi na likita. Ni kuwa sai na ce ai biyanta ake, duk gawar da ta kai wa lokotoro rahotonta ana ba ta wani abu. Allah shi ne shaidata ba wanda ya faɗa mini haka, a wurin na ƙirƙira, don in huce. Magana zarar bunu, kafin sati ta zaga gari ta dawo mini a bakin mijina, ya shigo da ita daga fada, majalisarsu ta hira, yana ba ni labari kamar sabon abu, har da ƙarin da ban yi ba. Na bar shi a kan haka. Shi da zafinsa ya tare ɗan Ya Fanna a kasuwa ya ci masa mutunci a gaban jama'a. Daga nan aka daina kiranta wanka, in ta wuce yara suna ce mata mai babet. Ba a yi wata uku ba ɗanta ya kwashe su suka koma ƙauyensu wajen Gidigir, inda suke da ɗan lambu a kwari.

Korona ta wuce, mutane suka dawo gidanmu kamar ba su ba, waɗanda suka maido kwano su ne suka fi kowa cin shinkafa a sunan ɗan yayana. Ni ma na binne maganar, in ta taso mini sai in ce ai ita ta fara.

Watan jiya na je kasuwa sayen dabino, ina ɗaga kai sai na ga mai sayarwar surukar Ya Fanna ce, matar ɗanta. Na so in zille, ta kira sunana. Muka gaisa sama-sama, na tambayi jikin Iya don kunya, ta ce jiki ya ƙi, tsufa ya kwantar da ita. Sai ta dube ni ta ce akwai maganar da ta daɗe tana ci mata rai, za ta faɗa mini amma amana ce, ko mijinta bai san za ta faɗa ba. Ashe sati biyu kafin rasuwar Hajiya an auna Ya Fanna a likita an ce tarin fuka ne, babban tarin nan da ake shan magani wata shida. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, shi ya ba ta takunkumin, ya ce kada ta zauna da kowa a rufaffen ɗaki ba tare da shi ba, musamman mai jariri. Da aka zo kiranta sun hana ta fita, ta ce alkawari ne tsakaninta da Hajiya, kuma ta san ni zan zuba ruwa, ga ni da ɗanyen goyo. Wato ba gawar take gudu ba, ni da ɗiyata take karewa daga kanta.

Ƴan'uwa, a wurin na zauna a kan buhun dabino. Na ce don me ba ta faɗa ba. Ta ce kin san yadda ake yi wa mai wannan tari, a ware masa kwano da moɗa, a ce gadon gida ne, ga su da ƴan mata a gaba, ga shi lokacin ƙosai suke soyawa a ƙofar gida. Tsohuwa ta ce gara a zage ta ita kaɗai da a ƙyamaci jikokinta. Ta gama shan maganinta ta warke sarai, amma ta hana a faɗa wa kowa har gobe.

Kwana huɗu ban iya cin abincin kirki ba. Na ce wa mijina zan je barka Gidigir, na shiga motar kasuwa na nemi ƙauyen. Na same ta a rumfa kwance a tabarma, ta ƙanƙance, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ta gane muryata, ta kira ni da sunan da Hajiya kaɗai ke kirana da shi. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da cewa maganar biyan nan daga bakina ta fito. Ta ce ta sani tun a makon, maƙwabciyar ba ta iya riƙe ruwa a baki ba. Shekarun nan duk ta sani, ba ta faɗa wa ɗanta ba don kada ya je ya kashe mini aure. Ta ce ta yafe duniya da lahira, wanda uwarsa ke kwance ba a kama shi da laifin baki.

Na ce Iya me zan yi miki. Ta ce abu guda. Ta ce ba ta haifi mace ba, surukarta tsoron gawa take, matan ƙauyen kuma labarin ya riga ta zuwa, gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta ce, "Na wanke matan da ban san adadinsu ba, yanzu ina kwance ina lissafin wa zai wanke ni. Kin ga yadda na yi wa uwarki, hannunki ya zuba ruwan. In an kira ki ki zo." Sai ta yi ƴar dariya ta ce in na ga dama in sa babet, ita ba za ta yi fushi ba. Na ce na ɗauki alkawari, ban ko tsaya tunani ba. Ta ƙara da cewa maganar tari kuma ta mutu a rumfar nan, ta sa na ce na yarda.

To ga inda na maƙale. Rasuwa ba barka ba ce da zan ce zan je jibi, in kira ya zo a take ake tashi, kuma dole da izinin mijina. Na gwada ambaton sunanta a gabansa na ce na ji ba ta da lafiya, ya ce Allah ya ba ta lafiya can inda take, kada in sake kawo masa zancen matar da ta sayar da gawar surukarsa. Har yau ya yarda da ƙaryata. In na ce masa ni na ƙirƙira, mutumin da ya ci mutuncin wani a kasuwa a kanta, kuma na bar shi shekaru yana maimaitawa a fada, ban san ko zan kwana a ɗakina ba, na san halinsa a kan ƙarya. Ko ya haƙura, shi da yayana za su ce to ba a biya ta ba, amma me ya sa ta sa takunkumin ta watsa mana jana'iza? Amsar guda ce, kuma ita ce aka ce in riƙe amana. In na faɗa wa mijina, na faɗa wa fada, na faɗa wa Gure. In kuma na sake yin ƙarya na tafi a ɓoye, garin da ake gane mutum da tafiyarsa, kafin in zuba ruwan farko labari ya iso gida.

Na yi tunanin zuwa wurin malamin unguwarmu, amma shi ma a lokacin yana cikin masu cewa takunkumi rashin tawakkali ne, ban san da wane ido zai dubi maganar ba.

Jiya da la'asar surukarta ta kira ni, ta ce kwana biyu ke nan Iya ba ta karɓar komai sai ruwa, kuma ta tambaya sau biyu ko akwai rezo a wayata, wato ko kira na shiga. Tun lokacin salular tana ƙulle a bakin zanena, duk ƙarar da ta yi sai in kwance in duba.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da zafi, zagi ma na cancanta. In tona kaina wurin mijina yau, in bar maganar tarin, duk abin da zai faru ya faru? Ko in karya amanar don in wanke sunanta tun tana da rai, alhali ita ta ce ba ta so? Masu ilimi a cikinku, wanne ya fi nauyi a wurin Allah? Ku taimaka ku amsa da wuri, ban san ko ina da kwana biyu ba. Matar nan ta zo wa uwata tana tsaka da ciwo, ba ta ce sai ta nemi shawarar kowa ba, ni ga ni da lafiyata ina tambayar baƙi ko in je.