Yayana ne ya kai ƙarar shagona, bai san nawa ba ne

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Roƙona guda ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Masu wa'azi kuma na san kun riga kun gyara zama, to ku huta, ba tambayar halal da haram na zo yi ba. Na yi Islamiyya kamar kowa, na san amsar. Shawara nake nema.

Ni mace ce mai 'ya'ya biyu, ina zaune a unguwar Parkchester da ke Bronx, nan ƙasar waje, mijina ya rasu. Ina da shagon sayar da wiwi a Jamaica, ba ƙasar ba, wata unguwa ce kusa da filin jirgin birninmu, mai lasin gwamnati, ina biyan haraji. Kafin ku ce tir, ku ji yadda aka yi. Shekarun baya, lokacin da ake kama mutane a kan wiwi, 'yan sanda suka tsayar da mijina yana tuƙin tasi, suka sami ɗan ƙulli a aljihunsa. Shi ke nan, aka ƙwace masa izinin tuƙi, mutumin da yake ciyar da gida biyu ya koma wankin kwanuka a bayan gidan abinci. Ina mutanenmu suke a lokacin? Matan da muke cin tuwo kwano ɗaya suka daina ɗaukar wayata. Aka yi suna a hawa na uku na gininmu, ni ina hawa na biyar, sai ƙamshin miya ne ya gaya mini. Mijina kuma ya daina zuwa masallaci saboda kallon da ake masa, ya shiga ɗaki da baƙin cikinsa har hawan jini ya ɗauke shi. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, Yaya Sabi'u, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi wa gawar wanka, shi ya riƙa kawo mana shinkafa da mai daga albashinsa na ɗaukar kaya a filin jirgi. Ku riƙe wannan, don shi ne ciwon.

Da jihar nan ta halatta abin, sai aka ce waɗanda aka taɓa kamawa a kansa, ko iyalansu, su za a fara ba lasin. Na yi dariya har da hawaye ranar da na ji. Abin da aka wulaƙanta mijina a kansa, yau shi ake jerawa a kwalabe masu kyau ana ba da rasit? To idan za a ci riba a kan kabarinsa, me ya sa 'ya'yansa ba za su ci ba? Dama ina da ɗan shagon turare da atamfa, na san ciniki. Na nema, na samu. Na zaɓi Jamaica don ta yi nisa da idon matan unguwarmu. Sunan kamfani ne a jikin komai, ba na tsayawa a kanta, ta ƙofar baya nake shiga in zauna a ofis ina kallon kyamara. Kowa ya ɗauka har yanzu turare nake sarowa. A kyamarar nan kuwa na ga abin mamaki. Na ga tsohuwa mai ciwon daji da ba ta iya barci sai da shi, na kuma ga wasu 'yan uwanmu masu saje da tabon sallah a goshi, sun ja hular sanyi har gira suna nuna katin shaida a bakin ƙofa. Ban taɓa tona kowa ba, amma kada wani ya zo yana mini ihun tsarki.

Abin da nake jin kunyarsa ɗaya ne. Bayan na sa hannu a haya, an gama gyaran shago, wata Juma'a na fito shan iska sai na ji kabbara. A layinmu akwai wani tsohon gareji mai ƙofar ƙarfe, ba allo ba komai, ashe masallaci ne na masu aikin filin jirgi. Na san doka ta hana irin shagona kusa da wurin ibada, na kuma ga kusancin da idona. Na koma ciki na rufe ƙofa. Ban gaya wa hukuma ba, ban gaya wa kowa ba, sai dai na daina zuwa ranar Juma'a. Na ce a raina su yi sallarsu in yi cinikina, ai ba wanda ya taka wani.

Haka aka tafi har lokacin sabunta lasin ya zo, sai hukuma ta sanar da ni cewa maƙwabta sun kai ƙara, za a zauna a saurare mu. Nan na nemi lauya, don ba kowane lauya ne ya san kan wannan harka ba. Na sami wata mata mai kaifin baki, ba ta san wasa ba. Da na ba ta labari sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Tun yaushe kika san da masallacin?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce da tun ranar na zo da abin bai kai haka ba, kuma idan aka ƙi sabunta mini, hayar tana wuyana, neman wani wurin kuma kamar farawa ne daga tushe. Sai ta ce amma akwai hanya.

"Dokar tana magana ne a kan ginin da ba a komai a cikinsa sai ibada. Idan ana ciniki a ciki, ko ana kwana, to a idon doka ba ya cikin lissafi. Ke Musulma ce, za ki iya shiga ba wanda zai tambaye ki. Ki je ki gano mini, ki ɗauko hotuna."

Na ce to idan muka nuna haka, su me zai same su? Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce da zarar maganar kwana da ciniki ba izini ta fito a gaban hukuma, masu duba gine-gine na iya biyo baya, suna iya sa wa wurin kwaɗo. Na ce ba za ta iya zuwa zaman ita kaɗai ba? Ta ce a'a, mai lasin za a kira da cikakken sunanta, kuma a gefenta zan zauna.

Na sa hijabina ranar Juma'a na tafi. Na yi sallah a bayan labule tare da mata uku, ina ta waige-waige kamar wadda ta shigo sata. Ana sallamewa ina neman takalmina sai na ji murya a kaina.

"Auta? Ke ce a nan?"

Yaya Sabi'u ne, da rigar aikinsa mai ɗaukar ido. Na san yana Juma'a kusa da wurin aiki, amma ban taɓa tambayar wane masallaci ba. Na ce kaya na zo dubawa a unguwar, sallah ta riske ni. Murna ta kama shi, ya ce Allah ne ya kawo ni, sai na ga wurin da suka gina da guminsu. Ya shiga zagayawa da ni. Ga kujerar aski ta wani ɗan Nijar, ga teburin mai tura kuɗi gida, ga firij na lemo da fura, ga ɗakin da ya cika da katifu inda masu shif ɗin asuba, wato masu karɓar aiki da asuba, ke miƙe baya, ga jakunkunan da ake tarawa a aika Kano da Maraɗi. Duk abin da lauyata ke nema, yayana ya nuna mini da hannunsa.

"Ɗauki foto mana," in ji shi. "Ki nuna wa matan Bronx, ko sa taimaka mana da kafet."

Na ɗauka. Har da shi a ciki, ya dafa kujerar askin yana murmushi. Da ya rako ni bakin ƙofa sai fuskarsa ta sauya, ya nuna shagona da haɓa.

"Kin ga waccan masifar? Ni na bi mutane ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu muka kai komplen. Abin da ya kashe miki miji, shi aka kawo mana ƙofar masallaci. Auta, ba mu da kuɗin lauya. Ke kin fi mu Turanci, kuma ke aka yi wa ɓarna. Ki zo ranar hiyarin ɗin, zaman sauraron ƙarar, ki tsaya ki ba su labarin marigayi, wallahi sai sun rufe shi."

Kun san me na ce? Na ce, "To, Yaya." Ni mai bakin nan, abin da ya fito kenan. Ina tsaye ma wani dattijo ya zo ya gaishe ni, Yaya ya ce ai shi ne na biyu a sa hannu. Na san hular sanyinsa sarai, duk ƙarshen wata nake ganinta a kyamara.

Tun ranar raina ke tafasa. Wiwi bai kashe mijina ba. Ankwa ce ta karya shi, gulma ta ƙarasa shi, kuma a cikin masu sahun gaba akwai waɗanda suka taya. Yanzu a ce in ɗauki sunansa in je in rushe abin da ke biya wa 'yarsa makaranta? Ba zan yi ba. Ba zan rufe shagona don a ce mini mutuniyar kirki ba, an taɓa ce mini haka kuma bai dafa mini ko shayi ba. Ban yi nadamar buɗe shi ba, ko yau aka dawo da ni baya zan sake. Amma kuma ina buɗe wayata in ga hoton Yaya yana murmushi, sai in kife ta. Mutumin nan bai taɓa cutata ba. Ta yaya zan sa lauya ta ɗaga hoton nan a gaban jama'a ta ce wurin da yake sa goshi a ƙasa ba masallaci ba ne, shagon aski ne? In aka sa musu kwaɗo, ina masu shif za su yi Juma'a? Ni ma ina jin tsoron Allah, kada ku ɗauka dutse ne a ƙirjina.

Hotunan suna nan, ban tura ba. Lauyata ta kira ta ce lokaci na ƙurewa, idan babu su ba ta da abin riƙewa. Jiya kuma Yaya ya turo mini saƙon murya, ya ce ya gaya wa liman Autarsu ce za ta yi magana, har liman ya sa mini albarka, kuma zai ɗauki hutun aiki ya zo ya ɗauke ni da kansa don kada in wahala a jirgin ƙasa.

Zaman nan dai sai na je, ko na so ko na ƙi, kuma za a kira sunana da na mahaifinmu a gaban yayana. Kujera biyu aka ajiye mini a ɗaki ɗaya, ɗaya kusa da lauyata, ɗaya kusa da mutumin da ya wanke gawar mijina. Ban nemi ku ce na yi daidai ba. Ku dai gaya mini, me zan yi?