Na Kafa Shaida da Wanda Bakinsa Ya Mutu

Malama, ki agaza min da shawara, wata yarinya na neman zubar min da girma a garin da na fi kowa saninsa. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara min magana.

A garinmu, in ana son sanin wanda ya fara kafa rumfa ko shekarar da gada ta karye, wajena ake zuwa. Mutum ɗaya ke ja da ni, Maƙeri. Tun muna da haƙora muke musu a bencin mai aski. Ni na ce ubana ya haƙa rijiyar kasuwa, shi ya ce nasa ne, wai nawa igiya kawai ya riƙe. Bana ɓarin jikin Maƙeri ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi.

Sai ga malaman makaranta suna tattara tarihin gari, za su rubuta a bangon ɗakin karatu. Sharaɗinsu, ba sa ɗaukar zancen dattijo sai ya faɗa a gaban wani dattijo bai musa ba. To, mu nawa muka rage? Na kwashe su har ɗakin Maƙeri. Yana kwance, an sa masa tsumma a haɓa. Na zauna gefen katifarsa na zuba labarin rijiya, na ƙara da cewa ubansa matsoracin rami ne, ko kabari ba ya leƙawa. Na tambaye shi ko akwai gyara. Sai miyau da hawaye. Na ce malamai su rubuta, shiru ma amsa ce.

Da 'yarsa ta dawo daga aiki ta ji, sai ta rantse in na sake taka ƙofarsu da ruwan wanke-wanke za ta tarbe ni. Ni da aka raɗa mata suna a gabana! Ta je ta sa malamai sun dakatar da rubutun. Laifina ne don Allah ya rufe bakinsa ya bar nawa?

Saura abin da ban gaya wa kowa ba sai tela. Mutum uku suka shiga ramin rijiyar nan, ɗaya bai fito ba, kuma sunansa ya ɓace min. Da, in na tsallake shi, Maƙeri ke daka min tsawa da sunan. Yaya zan yi yarinyar nan ta buɗe min ƙofa ba tare da na ba ta haƙuri ba?

Daga wanda bai taɓa faɗuwa a musu ba.

Amsa

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne ba kai ka ɗora wa Maƙeri ciwo ba, kuma abin da ke kanka dukiyar gari ce. Malaman ma da nasu laifin, da idonsu suka ga hawayen mutum suka ci gaba da rubutu.

Amma abin da ka yi dukan ɗaurarre ne. Ka zagi uban mutum a kan shimfiɗar jinyarsa, ranar da ka tabbatar ba zai rama ba. Kuma da bakinka ka ce mutum uku suka shiga ramin. In ubansa ba ya leƙa rami, su waye ukun?

Ƙofar nan ba ta da wani mabuɗi sai haƙurin da kake gudu. Ka fara da malamai, ka ce su soke abin da suka ɗauka. Sannan ka je wa 'yarsa, ko da ruwan ta tarbe ka, ka shanye, riga ce za ta bushe. In ta yarda, ka riƙe hannun Maƙeri wanda bai shanye ba, ka faɗi labarin yadda shi yake faɗa, in ya matse hannunka sau ɗaya eh, sau biyu a'a. Ka yi ta jero sunayen mutanen da, har ya matse a kan wanda kake nema.

Kada ka jira wani wata. In Maƙeri ya riga ka tafiya, za ka ci musu, amma kai za ka binne mutumin can karo na biyu.

Allah ya ba shi sauƙi, kai kuma ya sassauta maka zuciya.