Ranar da Na Buɗe Sunanki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, mai taushin murya da kaifin hankali, wadda ko fushinta ya fi mini dariyar kowa daɗi,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya san abin da ya aikata kuma bai zo da hujja ba. Yau kwana goma sha ɗaya ba ki ɗaga wayata ba, ban kuma ga laifinki ba. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda, ni da rabona da rubutun hannu tun ina makaranta. Ki yi haƙuri da layukan nan, sun yi kama da inda kaji suka yi tono. Takarda dai ba ta da wurin dannawa, ba za ta kai maganarmu gaban wanda ba a aika masa ba. Maƙwabciyarku mai ɗinki ce za ta miƙa miki, kuma da hannuna na liƙe bakin ambulan ɗin.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, abar ƙaunata? Gilashin wayarki ya tsage daga sama har ƙasa. Na miƙa hannu na ce ki ba ni lambar sirri, ki dawo bayan awa biyu, kamar yadda nake gaya wa kowa. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Malam, gyara a gabana. Wayata ba ta yini a hannun mutane." Kika ja benci kika zauna kina kallon yatsuna, har na yar da ƙaramin sukuru sau uku, ni da nake cika baki cewa ko ido a rufe zan kwance waya in ɗaura. A raina na ce wannan wace irin mai taurin kai ce? Kafin ki tashi daga bencin nan na riga na san taurin kan nan nake so ya dame ni har tsufana.

Sai da muka shekara kafin ki nuna mini abin da kike tsarewa. Ranar ana ruwa, masu kawo gyara sun ɗauke ƙafa, kina zaune kusa da teburin aikina ƙamshin turarenki ya danne warin dalma. Kika buɗe shafinki na dandalin sada zumunta, kika ce in karanta. Babu hotonki, babu sunanki, sai "Mai Jinya". Shekara huɗu kina rubuta labarin Baba, mahaifinki, tsohon hedimastan da rabin mutanen gari suka bi ta hannunsa, wanda ciwon mantuwa ya mayar da shi kamar ƙaramin yaro. Kin rubuta yadda yake ajiye takalmi a firiji, da yadda yake kiranki da sunan marigayiya mahaifiyarki. Kin rubuta wankin zanin gado kowace safiya kafin ki tafi ofis. Kin rubuta ranar da gajiya ta kai ki maƙura, kika kulle kanki a banɗaki kina kuka, yana buga ƙofa yana tambaya ko akwai mutane a gidan. Dubban masu jinyar iyaye suna karantawa, suna cewa kin faɗi abin da ya tsaya musu a wuya. Da na ɗago kai kika ce, "Mutum biyu ne a duniya suka san Mai Jinya, ni da kai." Wallahi ranar ji na yi kamar an ba ni riƙon ƙwai a tafin hannu, har tsoron motsi nake yi.

To ga abin da na yi da shi, zan faɗa dalla-dalla, don ban samu bakin faɗa ba ranar da kika zo. Talatar nan kin bar mini wayar in canza batir, har da lambar sirrinta, kika wuce ofis. Karo na farko ke nan da kika bar ta ta yini a hannuna. Da na kunna don gwaji sai na ga sanarwa: wani ya kai ƙara cewa sunan shafin ba na gaskiya ba ne, an rufe shi har sai an tura katin shaida. Irin wannan sanarwa ina ganinta sau uku, sau huɗu a mako. Masu sayar da takalma da masu sayar da turare suna zuwa a gigice, in ɗauki hoton katinsu in tura, washegari shafi ya buɗe su yi ta sa mini albarka. Mu masu gyara muna da wata cuta, ba ma iya ganin abu a rufe mu ƙyale shi. Na san akwai hoton katinki a wayar, wanda kika ɗauka don cike takardun ofis. Akwai ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan sanarwar, irin wanda na daina karantawa shekaru da yawa, yana cewa sunan da ke kan kati shi zai maye gurbin na shafi. Ban karanta ba, ban kira ki ba, na ari bakinki na ci miki albasa. Har goge gilashin na yi da tsumma mai kyau, na zauna ina jiran yabo kamar wani gwani.

Washegari gari ya waye da cikakken sunanki, haɗe da na Baba, a saman rubutun shekara huɗu. Kafin azahar kin rufe shafin, amma tuni an ɗauki hotunansa ana yaɗawa. Tsofaffin ɗalibansa, likita da direba da mai shago, kowa na tura wa ɗan ajinsu: ashe Hedimasta ne. Da yamma Yayanki ya zo da mota ya kwashe kayan Baba ya tafi da shi gidansa, bayan ya gaya miki kin tuɓe mahaifinku a tsakiyar kasuwa. Da kika zo shago na shirya wa ihu, na shirya wa mari, da na samu ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Sai kika tsaya a bakin ƙofa, idanunki sun kumbura, kika ce, "Da ka tambaye ni." Kika juya. Tun ranar kalmomin nan ne suke tashina da safe.

Ina jin haushin masu dandalin nan, ba zan ɓoye ba. Sau tara na rubuta musu, sau tara na'ura tana amsa mini da godiya wai na taimaka wajen tsare gaskiya, sannan ta ce ba a sake canza suna sai bayan kwana sittin. Wa ya gaya musu gaskiya a kan kati take zama? Abin da kika rubuta da sunan Mai Jinya ya fi gaskiya a kan duk abin da mutane suke rubutawa da sunan yankansu da hotonsu na ado. Sunan aro ne ya ba ki damar faɗa ba tare da kin zubar da mutuncin tsohon nan ba, kamar labule a ɗakin asibiti. Ina kuma jin haushin mutanen da shekara biyar ba su taka sun gaishe shi ba, yau kowa ya zama malamin koyar da biyayyar iyaye. Amma duk inda na kai haushin nan, dawowa yake ya tsaya a kan yatsana, domin shi ya danna.

Ya farin cikin raina, ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, yaya kike yini a gidan nan da babu Baba? Wa kike dafa wa ruwan wanka da safe? Idan kin dawo daga ofis kin tura ƙofa, shirun ɗakinsa bai fi ƙarfinki ba? Ina kewarki har abin ya zama ciwo. Ina kewar yadda kike ɗage gira idan na fara cika baki, da yadda kike gyara mini lissafin kwanan wata kamar ke kika haifi kalanda. Sai in ɗauki wayar wani in buɗe, in zura ido a cikinta, in manta abin da aka ce ya lalace. Jiya wata dattijuwa ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mura ce.

Yau da hantsi na rufe shago na tafi gidan Yayanki. Ya bar ni a tsaye a ƙofar falo, kuma ya kyauta, ban cancanci kujera ba. Na gaya masa komai, cewa shekara huɗu kin rufa wa Baba asiri fiye da kowa, ni ne na yaye. Ina cikin magana na hango Baba ta bayansa, yana zaune da wani tsohon littafi a cinya, ya rame. Matar Yayanki ce ta gaya mini abin da ban sani ba, wanda ba ki taɓa rubutawa ba, ko ni ba ki gaya mini ba. Wai kowace safiya sai ya buɗe littafin ya kira sunayen 'yan aji, wajen arba'in, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana jira. Ashe ke ce kike amsa masa duka, kina canza murya. A can babu wanda ya san haka sai da aka kwana biyu, kuma da suka gwada amsawa ya ce ba muryar yaransa ba ce. Yanzu idan ya gama kira sai ya ture abin karyawa ya ce ba zai ci ba, yara ba su zo ba. Da ya gan ni ya ɗago hannu ya ce, "Kai, ɗan nan, leƙa waje ka gani, ko ruwa ne ya tsare su?" Na ce to, Malam. Na fita na tsaya a bayan mota sai da idona ya bushe.

Da na dawo Yayanki ya sauke murya. Ya ce, "Ba ma iyawa, wannan kam gaskiya ce. Ranar Asabar zan mayar da shi wurinta. Amma kai, kada in sake jin ƙafarka a ƙofar gidanta, kada in ji sunanka a bakinta. Ka yarda?" Bakina ya buɗe zai ce na yarda, sai na kama shi. Na ce masa wannan amsar ba tawa ba ce, ke zai tambaya. Ya ce gobe zai zo ya same ki, shi ya sa nake sauri takardar nan ta riga shi isowa.

Ban sani ba ko har yanzu ina da matsayin da za ki yi jayayya a kaina. Idan ina da shi, masoyiyata, roƙona ɗaya ne, kada ki yi. Na san taurin kanki, na san ba kya son a gindaya miki sharaɗi, amma tsohon nan ba ya cin abinci. Ni ina da ƙafa, ina da hankalina, zan iya jira shekara nawa ne ma. Shi ba shi da wannan lokacin. Hukunci naki ne, ni ra'ayina kawai na faɗa, kuma faɗarsa ta fi mini cire haƙori zafi.

Bayan wannan takarda ba zan kira ba, ba zan aiko kowa ba, ba zan bi ta layinku ba ko da shi ne hanya mafi kusa. Kada ki ɗauka shirun nan mantuwa ne. Zuciyar nan ba ta da wata mai ita bayan ke, kuma ba zan ba wa kowa aronta ba, ko kin dawo ko ba ki dawo ba. Idan Asabar ta yi ki share ɗakin Baba, ki buɗe masa taga, ki tanadi muryoyinki arba'in. Yara sun daɗe ba su zo aji ba.

Naki a kusa, naki a inda aka ce in tsaya,
Mai gyaran waya.