Tattabarun Yayanki da Batun Tafiyar Innarki

Gwarzo, Jihar Kano.
Laraba, 9 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Ikilima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Mahbub da jikokina, Ya kuma sauƙaƙa muku zaman Kalaba da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan mun gode wa Allah. An girbe gero a gonarmu ta Kara, ya yi albarka daidai gwargwado, dawa kuma ta kusa. Ƙanwarki Badi'a ta koma makaranta a Kano. Gwaggonki Marka ta zo daga Jama'a, yau kwananta tara a wurinmu. Ƙafarta da sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Sau biyu kina roƙona ta waya in bar Innarki ta zo wurinki ta yi wata uku, ko sauyin wuri zai taimake ta, sau biyu ina ce miki zan duba. Na zaɓi in amsa miki a rubuce, domin amsar tana tattare da wani kuskure da na yi, kuma ba na jin zan iya tsara shi da baki. Kin san tun rasuwar yayanki wata biyar da suka wuce, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa, Innarki ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma ambace shi ba. Ta rame, abincinta bai wuce loma uku ba, likita ya ce jininta ya hau ƙwarai, a kiyaye duk abin da zai ɓata mata rai. Tun daga ranar ba ni da wani tunani sai wannan.

Na lura cewa duk lokacin da nake zaune a tsakar gida, tattabarun da yayanki ya bari suka sauko, sai ta miƙe ta shige ɗaki. Na yanke hukunci cewa ganinsu ne yake fama mata ciwo. Ban shawarci kowa ba. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin duba makarantu, na saba in ga alama in rubuta rahoto. Sai na zuba su, su ashirin da biyu, cikin kwanduna, na sa a bayan mota, na kai wa Baffanki Ya'u kyauta can Masanawa, tun da shi ma yana kiwonsu. Ya ce bari ya fige musu dogayen gashin fiffike don su zauna har su saba. Na hana shi. Na ce wannan cutar da dabba ne, kyakkyawan abinci kawai zai riƙe su. Ya dube ni ya ce to, Malam ya fi shi sani. Na tsaya a Kabo na yi azahar, na gaisa da wani tsohon abokin aiki, na iso gida da la'asar. Na tarar da su duka a kan rufin ɗakina suna gyaran gashi. Sun riga ni zuwa.

Ban karaya ba. Na koma ga littafi, na karanta cewa idan aka rufe su mako guda za su manta gida. Na sake kamawa, na sake kaiwa, wannan karo har da bayani shafi biyu da na rubuta wa Baffanki, ya ninke ya sa cikin hularsa da ladabi. Ran kwana na takwas suka dawo, tare da biyar daga cikin nasa. Washegari sai ga shi a kan babur. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin kyauta irin tawa ba: sau biyu ana ba shi, kiwonsa yana raguwa, in aka ƙara masa ta uku sai dai ya koma kiwon agwagi. Ya ce a Masanawa har an fara tsokanarsa cewa ko tsuntsu ba ya iya kwana takwas a kan abincin gidansa. Na ba shi haƙuri, na mayar masa da nasa, na sake kai masa nawa, na kuma yarda ya fige su. A karo na uku ba su dawo ba.

Na ɗauka na yi nasara. Gidan ya yi tsit. Ran farko Innarki ba ta taɓa ko lomar nan uku ba. Rana ta biyu ba ta fito tsakar gida ba. Rana ta uku na same ta ba ta iya miƙewa, muka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Ban sanar da ke ba a lokacin, ki gafarce ni, ban so in tayar miki da hankali kina nesa. Ina tsaye a bakin ɗakin da aka kwantar da ita, na ji tsoro irin wanda na ji a watan Mayu lokacin da muka rasa yayanki, har na kasa ƙarasa addu'ar da na fara. Shi ne na aika aka ɗauko Gwaggonki.

Bayan an sallamo Innarki, Gwaggonki ta yi yini guda tare da ita, sannan ta same ni a zaure. Ta fara da tambayata littafi nawa na karanta a rayuwata, ta ce ko nawa ne a mayar wa masu shi. Ta ce shin na manta yayanki ɗan fari ne? Matar da tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba saboda kunya, yaya za ta zauna tana kallon tsuntsayensa ina kallonta? Ta ce kullum da asuba, idan na tafi masallaci na zauna karatu har fitowar rana, Innarki takan fito da ƙwarya ta watsa musu dawa, ta kira su yadda yake kiransu, ta yi ta yi musu magana. Wannan sa'a guda ita ce kaɗai take da ita tare da shi, ni kuma na ɗauke ta a mota har sau uku. A nan na tuna na daɗe ina ganin buhun dawa yana raguwa, na ɗora wa ɓeraye laifi, har na sayo tarko biyu.

Ban jira wayewar gari na biyu ba, na koma Masanawa. Baffanki da ya hango motata ya fara dariya, yana tambaya ko jimina na kawo masa wannan karo. Da ya ga fuskata sai ya ɗauko kwandunan da kansa, ya yi wa yayanki addu'a mai tsawo. Sai dai biyu sun riga sun tafi, an yanka wa wani baƙo. Ashirin na dawo da su.

Yanzu ga halin da muke ciki. Ba sa iya tashi, tafiya suke a ƙasa kamar kaji, Baffanki ya ce sai bayan mako shida gashin zai fito. Muzurun maƙwabta ya gano haka tun ran farko. Saboda haka mahaifinki yana zaune a tsakar gida da sanda tun hantsi har magariba. Na fasa zuwa taron tsofaffin ma'aikata, har aka ɗauka ba ni da lafiya. Maƙwabcinmu Malam Baƙo ya shigo dubiya, ya tarar da ni ina bin muzuru da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya ce alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau sosai, ya juya. Da asuba kuwa Gwaggonki ta kafa mini doka: in tafi masallaci, kada in dawo sai rana ta fito sosai, ita za ta riƙe sandan. Shekaranjiya na dawo da wuri bisa kuskure, na jiyo muryar Innarki daga zaure. Na tsaya a nan ban motsa ba har ta gama.

Don haka amsata ita ce, ba za ta zo ba yanzu. Ban ce hankalina ya kwanta ba. Jinin bai sauka yadda likita yake so ba, tafiyarta a hankali take, kuma kowace safiya da fargaba nake buɗe ɗakin tattabarun nan. Amma jiya ta sha kunu rabin kwano, da rana ta ci tuwo kaɗan. Idan Malam Mahbub ya amince, ke ki zo mana da yara a hutun Disamba. In kin kira ta, kada ki ambaci tafiya, kada ki ambaci tattabaru, ki yi kamar ba ki san komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne biyun da muka rasa. Ban gaya mata ba, ban kuma san yadda zan nemi gafararta ba tare da na keta kunyarta ba. Jiya da yamma ita da kanta ta kawo mini ruwan sha, ta ajiye, ta tsaya. Ba tare da ta dube ni ba, ta ce farar nan mai zobe a wuya ba ta da miji yanzu, ya kamata a nemo mata. Wannan ce magana ta farko da ta yi mini a kan wani abu na yayanki. Na ce to. Gobe in sha Allah zan je kasuwa, kuma na aika wa Baffanki ya zo ya zaɓa, ni zan riƙe kwando kawai.

Ki gaishe mini da Malam Mahbub da kyau, ki shafa kan Zubaidatu da Muhammad Nur, ki ce kakansu yana nan yana yaƙi da muzuru. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da manja mai kyau. Ki ci gaba da sa yayanki da Innarki cikin addu'a bayan kowace salla. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Malam Ja'afaru Sagiru Gwarzo