Tsintsiya da Atam

Yaya Kulu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau a Jidda, aikatau ne dai ba hutu.

Makon jiya ina shara na ga ɗan matar da nake yi wa aiki ya zana ilektron a tsakiyar atam. Na ce a'a, furoton da niyutron ne a tsakiya, ilektron kewaya su yake. Uwar ta daka mini tsawa, wai me 'yar aiki ta sani. Ni da na shekara bakwai ina koyar da wannan a Tsafe kafin a rufe makarantarmu!

Yaron dai ya gyara zanen, ya zo na ɗaya a gwajin ajinsu. Amma malamin da ke yi masa lesin a gida aka saya wa turare.

Ki gaya wa Inna har yanzu koyarwa nake. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Rabi'a