Fadamar Bakin Teku

Daga Maitama zuwa ga uwargidana Hansai, a Maska. Gaisuwa mai yawa da bege. Ina gajiya, ina ƙafar nan taki, ta bar kumburi? Ina Gwaggo da mutanen gida? Malam Lawal ke rubuta mini, na hana shi gyara ko kalma guda. Wanda zai karanta miki kuwa, don Allah ya rage murya.

Bayan haka, kin tuna shekarar sannu, annobar nan da shanu suka zube har ungulu ta ƙoshi ta bar mushe. Da kakar shekarar nan na biyo fatake zuwa wurin yaron nan, ɗanmu na fari, a Akara bakin teku. Na iske cinikin goro ya karɓe shi, ya yi aure, amma zaman aro yake a zango. Da ya tashi sayen gida sai ya bar mini zaɓi, don uba ke nuna inda iyali za su zauna.

Ya kai ni wani gida a kan tudu. Na damƙi ƙasar, ta zurare ta tsakanin yatsu, jigawar da ko gero zai yi fushi. Na ƙi. Na gangara da sandata har na ga wani gefen tafki, ƙasa baƙa wuluk, ka tona kamu ɗaya ruwa ya tsattsafo. Kin san ni. Ni ake kira in an yi gardamar iyakar gona, ni na san rijiyar da kakan wane ya gina da shekarar da ta ƙafe. Na ce fadama ce, irin wadda ake faɗa a kanta a gida. Har rake da albasa na hango.

Mai gidan da ke wurin, wani tsohon masunci, bai cuce ni ba. Ya sa tafinta ya faɗa mini ruwa na ziyartar wurin. Na yi dariya, na zaci wani ne ya fi mu tayi, shi ya sa tsohon ke neman janyewa. Yaron ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu a gaban mutane. Ya biya kuɗin.

Hansai, ruwan nan bai san damina ba, wata yake bi. In wata ya tsaya ko ya cika, sai ya ɓullo ta ƙarƙashin daɓe, ba hadari ba tsawa, ya sha tabarmi ya koma. Rijiyar da na sa aka gina gishiri ce, ko alwala sai ido ya yi ja. Irin dawar babana da na ƙullo tun daga gida na shuka, bai ko tsaga ƙasa ba.

Duk wannan da sauƙi. Maijidda, matar yaron, ta haifi mace, an sa mata sunanki. Takwarar taki tari take, ƙirjinta na ƙara kamar zuga-zugin maƙera. Ungozoma ta ce sanyin ɗaki ne.

Abin da ke cina, ba wanda ya ce mini uffan. Da yaron ya ɗaga mini murya da na sami sauƙi. Sai dai ya ɗora gadaje kan duwatsu, ya durƙusa cikin laima ya gaishe ni da kwana. Abokan cinikinsa sun yi masa tayin ɗaki a zango, na jiyo shi yana cewa ba ya barin gidan da tsohonsa ya zaɓa. Ke kika yi masa wannan tarbiyya, ga shi ta ɗaure ni. Muddin ina zaune, zaune yake, yarinya kuma tana tari.

Na gwada faɗa masa mu tashi daga gidan. Baki ya ƙi, sai na ji ni ina ba shi labarin yunwar da aka yi zamanin kakansa.

Kayan da na ce ki ɗaure ki taho, kwance su tukuna. Ki sa a yi wa yarinya addu'a. Ki gaida kowa da kowa, amma kada Jibo sarkin surutu ya ji, in ya ji har mutanen garin Ƙarfi sun ji.

Gobe in Allah ya kai mu, ina sallame asuba zan naɗe buzuna, in ɗauki buta da sanda, in je in roƙi mai zango ko zaure ne. Zan ce gwiwata ce ta ƙi sanyi. Yaron ba zai bar ni in kwana can ni kaɗai ba, dole ya kwaso iyalinsa ya biyo ni. Na san kowa zai gane. To, su gane ɗin.

Allah ya sada mu da alheri. Naki, Maitama.